Waiwaye: daga ina taƙaddamar ma'aunan girafin ta faro?

Masana sinadarai na ta kai ruwa rana kan ko za a iya dogaro da ma'aunan girafin masu ƙyalli (girafin shimfiɗar kabon ce mai kaurin atam ɗaya tak) wajen gano ƙwayoyin sinadarin nan masu siffar zobe, waɗanda ke saukar da wata ƙwayar a raminsu kamar mai masauki da baƙonsa. Wasu na yabon kaifinsu, wasu na kukan cewa sakamakon wannan ɗakin gwaji ba ya haɗuwa da na wancan. Maganar ba yau ta fara ba.

Villiers ya samo saikulodestirin, ɗaya daga cikin irin waɗannan zobba, daga sitaci a Faransa tun 1891, Pedersen ya fito da nasa zoben a 1967, Geim da Novoselov kuma suka ɓare girafin a Manchesta a 2004. Wannan duk sananne ne.

Abin da aka cika tsallakewa shi ne lissafin da Swathi da Sebastian suka wallafa daga Bangalor ta Indiya a 2008 da 2009. A tsohuwar ƙa'idar Förster, wadda ke bayyana yadda makamashi ke wucewa tsakanin ƙwayoyin rini masu ƙyalli, in tazarar ƙwayoyin rini biyu ta ninka, makamashin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya yana raguwa sau 64, ya wuce nanomita 10 kusan babu shi. Su kuwa suka nuna cewa a kan shimfiɗar girafin sau 16 kawai yake raguwa, har ta iya dusashe hasken rini daga tazarar nanomita 30. Da irin wannan duhu, ɗan haske kaɗan ma sai ya fito fili. Dabarar ke nan: a kwantar da rini a kan girafin haskensa ya mutu, zobe ya zo ya ɗauke shi cikin raminsa, haske ya dawo. Kuma ana buƙatar hakan, don saikulodestirin ba shi da launi ko ƙyalli nasa, ga shi ya shiga jinin ɗan Adam: a 2008 Turai ta amince da sugammadex, maganin da aka yi daga saikulodestirin, mai warware shanyewar tsokar da ake sa wa majinyaci lokacin tiyata.

A ganina nan matsalar ta samo tushe. Kaifin ya zo da sauƙi, hankali ya karkata gare shi, alhali hasken labari ɗaya yake bayarwa, cewa rini ya tashi. Ba ya faɗin wa ya ɗauke shi, kuma furotin na jini ma yana iya ture shi. Ga girafin mai oksijin da ake yin ma'aunan da shi, wanda ake haɗawa ta hanyar da Hummers ya fito da ita a 1958, kowane haɗi da yawan oksijinsa da girman ɓarɓashinsa, don haka riƙon da yake wa rini yakan bambanta daga kwalba zuwa kwalba.