Waiwaye: Faɗaɗa Babbar Hanya Ko Jirgin Ƙasan 'Yan Zuwa Aiki, Daga Ina Muhawarar Ta Faro?

Sahu ɗaya na babbar hanya, idan komai na tafiya daidai, motoci kusan 2,000 yake ɗauka a awa, domin kowane direba yana barin tazarar kusan daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa. Da zarar motoci sun haura haka sai tazarar ta tsuke. Mutum ɗaya ya taɓa birki a bakin mahaɗa, na bayansa ya taka fiye da shi, kafin ka ce kwabo cunkoso ya miƙe kilomitoci. Duk wanda ya ga haka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne a ƙara sahu, kuma a kan wannan tunani injiniyoyi suka yi shekara da shekaru suna aiki.

A 1956 Shugaba Eisenhower na Amurka ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. A Birtaniya kuwa, rahoton shugaban hukumar jiragen ƙasa Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshin jirgin ƙasa fiye da 2,300. Tsarin wancan zamani mai sauƙi ne: a ƙiyasta yawan motocin da za a samu nan da shekara ashirin, a shimfiɗa kwaltar da za ta ɗauke su.

Tun a 1962 masanin tattalin arziki Anthony Downs ya lura cewa sababbin hanyoyin birane suna cika maƙil a lokacin fita aiki, komai faɗinsu. Daga baya ya bayyana inda motocin ke fitowa. Wanda ke bin lungu don kauce wa cunkoso zai dawo babbar hanya. Wanda ke sammako tun da asuba zai koma fita ƙarfe bakwai. Wanda ke shiga bas ko jirgi zai ɗauko motarsa. Waɗannan cikin watanni suke faruwa. Na huɗun ya fi su nauyi, sai dai yana ɗaukar shekaru: tunda tafiya ta yi sauƙi, masu gina gidaje za su nausa bayan gari inda fili ke da araha, kuma duk gidan da aka gina can ba shi da mafita sai mota. A 1994 kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi ya amince cewa sabuwar hanya da kanta tana haifar da sabuwar zirga-zirga. A 2011 masana tattalin arziki Gilles Duranton da Matthew Turner suka tantance alƙaluman biranen Amurka, suka gano cewa idan an ƙara hanya da kashi 10 cikin ɗari, tuƙin da ake yi a kanta ma yana ƙaruwa da kusan kashi 10.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne hanyar Katy a birnin Houston na Amurka. An kammala faɗaɗa ta a 2008 a kan dala biliyan 2.8, a wasu wurare ta kai sahu 26 idan an haɗa da titunan gefe. Cikin filin da aikin ya cinye har da na wani tsohon layin dogo da ke bin gefenta. Tsakanin 2011 da 2014 lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa sosai. Gaskiya ne hanyar tana ɗaukar mutane fiye da da, kuma birnin ya bunƙasa. Amma alƙawarin da aka yi na maganin cunkoso ne, shi kuwa an gudu ba a tsira ba. Ga kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: ko an faɗaɗa hanya, titunan cikin gari da motocin za su sauka a kansu suna nan yadda suke, sai cunkoson ya matsa gaba ya taru a mafita.

Lissafin jirgi daban ne. Motar mai zuwa aiki galibi mutum ɗaya ne a ciki, saboda haka sahu ɗaya bai wuce mutum 2,400 a awa ba. Jirgi mai ɗaukar fasinja 1,000, idan yana tashi duk bayan minti uku, mutum 20,000 ke nan a kan layi ɗaya, aikin sahu takwas. Layin jirgin 'yan zuwa aiki na birnin Paris da ake kira RER A yana ɗaukar fiye da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki. Sai dai kafin a kai nan dole a sami layi biyu, na zuwa da na dawowa, da sigina ta zamani, da taragu masu ƙofofi da yawa don kada jirgi ya daɗe a tasha, a kuma raba dogo da titi ta gada ko ta ƙarƙashin ƙasa.

Inda aikin jirgi ya fi lalacewa shi ne a tazarar tashi da wurin tasha. Jirgin da ke zuwa sau ɗaya a awa, ko yake tsayawa jiran na kaya ya wuce saboda layinsu ɗaya, ba zai raba kowa da motarsa ba. Mutane ba sa son tafiyar ƙafa da ta wuce minti goma, wato mita 800 ko kusa da haka, don haka tashar da aka kafa a fili fetal, babu gidaje babu bas mai kawo fasinja, haka za ta zauna wayam. Kuɗi ma abin dubawa ne. Binciken Bent Flyvbjerg, masanin manyan ayyukan gine-gine, ya nuna ayyukan layin dogo suna zarce kasafinsu da kusan kashi 45 cikin ɗari, na hanya da kusan kashi 20, kuma fasinjojin da ake samu sukan tsaya a kusan rabin waɗanda aka yi hasashe. Layin dogo na Elizabeth a Landan da aka sa ran buɗewa a 2018 sai a 2022 ya fara aiki.

Masu goyon bayan jirgi ya kamata su riƙa faɗin wata gaskiya ɗaya: Duranton da Turner sun gano cewa ƙara motocin haya na gwamnati ma bai rage cunkoso ba, domin gurbin da wanda ya bar motarsa ya bari, wani ne ke cike shi. Ribar jirgi ita ce dubban mutane su isa aiki a kan lokaci ba tare da sun shiga cunkoson ba sam.

Abin da aka gwada ya rage motoci a kan titi shi ne biyan kuɗin shiga tsakiyar gari a lokacin cunkoso. Singafo ta fara a 1975, Landan a 2003. Birnin Stockholm na Sweden ya ƙara bas-bas tun a 2005, amma cunkoso bai ragu ba sai da aka fara karɓar kuɗin a Janairun 2006, motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Da aka dakatar da gwajin a ƙarshen Yuli, yawancinsu suka dawo. Mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a Satumba, aka mayar da tsarin na dindindin a 2007.