Tsara Tufafin Fim da Kayan Zamanin Da

Tsara tufafin fim wani fanni ne a harkar fim da wasan dandamali da ya ƙunshi bincike, zane, yanka, ɗinki da kula da duk abin da ɗan wasa zai saka a jikinsa gaban kamara, tun daga hula har takalmi, har da kayan ciki da ɗan kallo ba zai taɓa gani ba. A bakin 'yan fim kwastum ake ce masa. Mutane da yawa suna haɗa shi da sana'ar kayan yayi alhali ba ɗaya ba ne, shi mai kayan yayi burinsa mutum ya yi kyau a sayi kayansa, shi kuwa mai tsara tufafin fim so yake ka yarda cewa mutumin nan da kake kallo ya daɗe yana rayuwa a cikin rigar nan, ko da ta koɗe, ko ta yi masa yawa, ko ma mummuna ce in dai haka labarin ya nema. Kafin jarumi ya buɗe baki kayan jikinsa sun riga sun gaya maka arzikinsa, sana'arsa, shekarunsa da zamanin da yake ciki.

Asalinsa

A dandalin Turai na da, galibi 'yan wasa kayan zamaninsu suke sawa ko da labarin na sarkin da ya mutu shekaru ɗari huɗu ne, sai dai a ɗora masa kambi ko mayafi a wuce wurin. Ana yawan kafa tarihin sauyin da shekarar 1823, lokacin da Charles Kemble ya shirya wasan King John na Shakespeare a Covent Garden da ke Landan, James Robinson Planché ya bi tsofaffin zane-zane da gumakan kaburbura ya fito da kaya irin na zamanin sarkin. 'Yan kallo sun karɓi abin sosai, daga nan neman daidaito da tarihi ya fara zama abin alfahari a dandali.

Da fim ya zo, da farko 'yan wasa da kayansu suke zuwa daga gida ko a yi haya. Kamfanin haya na Western Costume ya fara a Los Anjeles a 1912, sannan a shekarun 1920 manyan kamfanonin Holiwud suka buɗe sassan tufafi nasu na kansu cike da teloli. Cikin manyan masu tsara tufafi da suka yi aiki a kamfanonin nan, Adrian ya yi a MGM, Travis Banton a Paramount, Orry-Kelly a Warner Bros.

Yadda aikin yake tafiya

Daga rubutun fim ake farawa. Mai tsarawa zai karanta ya fitar da lissafi sin bayan sin, wato fitowa bayan fitowa, wa ke ciki, rana ta nawa ce a labarin, ruwa ake ko rana, za a yi faɗa ko a'a. Sai bincike, sai zane, sai zama da darakta da mai ɗaukar hoto da mai tsara wuri don kar kalar riga ta ɓace a jikin bango. Bayan an amince da zane sai ya koma hannun mai yanka, kuma gaskiya wannan mutumin ba a ba shi haƙƙinsa a wurin yabo, don shi ne ke mayar da zanen takarda ya zama abin da jiki zai shiga ya yi motsi. Hanya biyu ake bi, ko a zana fatan a takarda da awon ɗan wasa, ko a yafa yadi a jikin mutum-mutumin tela ana kama shi da fil har siffar ta fito. Ba a taɓa yadi mai tsada da almakashi sai an fara ɗinka gwaji da akoko, an saka wa ɗan wasan, an gyara. A babban fim za ka samu masu huluna daban, masu takalma daban, masu rini, masu aikin zare, masu ƙera sulke, ga kuma masu bin kaya a lokeshan suna ɗaukar hoton kowane sin saboda kwantiniti, don fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, maɓallin da yake buɗe yau dole a same shi a buɗe in an dawo ƙarasa sin ɗin bayan wata guda.

Akwai wani sashe da aikinsa kawai tsofar da kaya ne. Sabuwar riga fil a jikin manomi ko sojan da ya yi wata uku a filin daga tana kashe labari nan take, shi ya sa ake goge gwiwa da gwiwar hannu da samfefa, a wanke kaya sau da yawa, a fesa rini mai kalar ƙasa, a shafa kakin zuma a wuya ya yi kamar maiƙon jiki, a cusa duwatsu a aljihu a rataye har ya saki. Kuma rigar da za a yi faɗa da ita ba ɗaya ake ɗinkawa ba, kwafi da yawa ake yi, wannan mai tsabta, wannan da ƙura, wannan da jini, har da ta mai tsaya wa jarumi a wurin haɗari.

Ita ma kamara da nata sharuɗɗan. Fari tas yana ƙyalli fiye da kima a ƙarƙashin fitila, sai a ɗan tsoma shi a rini ya dushe. Ratsi ƙanana suna rawa a allo. Wani silikin yana ƙara in an motsa ya dami makirfo. Takalman yarinyar nan ta fim ɗin The Wizard of Oz na 1939 a littafin da aka ɗauko labarin na azurfa ne, aka mayar da su ja don su fito a fim mai kala na Technicolor.

Kayan zamanin da

Nan ne sana'ar ta fi wuya kuma nan ta fi daɗi. Abin da sabon shiga ke fara ɗauka shi ne ado ne ke nuna zamani, leshi da aikin zinare da sauransu, amma abin da ke nuna zamani da gaske yanka ne da abin da ke ƙarƙashin riga. Kamar gini ne, in harsashi bai zauna ba duk fentin da aka shafa a banza. Matan fadar Faransa a ƙarni na 18 suna ɗaura wani firam a ƙugu da ke baza siket hagu da dama har sai mace ta karkata kafin ta wuce wata ƙofar. Wajen 1800 abin ya juye gaba ɗaya, ƙugun riga ya hau har ƙarƙashin ƙirji, yadin ya koma farar auduga mara nauyi wadda da yawa daga Indiya ake kawo ta. A 1856 kirinolin mai zobban ƙarfe ya fito ya raba mata da jibga siket na ciki kan siket, a shekarun 1870 da 1880 kuma sai tudun ya koma bayan siket. Duk wanda ya ɗora rigar 1860 ba tare da zobbanta ba, ko yadin na nawa ne, ba za ta ba da 1860 ba.

Haka rigar ɗaure ƙugu, wato koset, wadda ake ƙarfafa ta da wani abu mai kama da ƙashi daga bakin kifin wel, daga baya da ƙarfe. Ita ce ke sa 'yar wasa ta miƙe, ta canza yadda take zama da numfashi da tafiya, shi ya sa masu aikin kirki suke ba da ita tun lokacin rihaza. Wani kuskure da fina-finai suke ta maimaitawa shi ne nuna ta a kan fata kai tsaye, alhali a kan 'yar shimi ta lilin ko auduga ake ɗaura ta, don shimin ake wankewa ba ita ba. Kayan maza ma haka, kwat ɗin ƙarni na 18 hammatarsa a matse take kuma ɗinkin kafaɗa ya koma baya, shi ke ja wa mutum kafaɗa ya tsaya ƙyam, in aka yanka shi irin kwat ɗin yau sai jarumin ya zama ɗan zamani da ya yi shigar wasa.

Dole kuma a san me ya wanzu a wane lokaci. Keken ɗinki bai shiga hannun jama'a ba sai bayan Elias Howe a 1846 da Isaac Singer a 1851, to duk ɗinkin da ido zai gani a labarin da ya girmi haka ya kamata na hannu ne, a ɓoye na keke a ciki. Zif bai zama ruwan dare a tufafi ba sai shekarun 1930. Rinin kemikal na farko, wani shuɗi mai ja-ja, William Henry Perkin ne ya gano shi a 1856. Sannan yadin roba ba ya zuba kamar ulu ko lilin ko siliki, ƙyallinsa ma daban ne, kamara kuwa tana tona shi.

Binciken kansa yana da tarko. Kayan da suka tsira a gidajen tarihi yawanci na masu hali ne, na talaka an saka shi har ya mutu, an yanka wa yara, ƙarshe ya zama tsumma. Masu zanen hoton sarakuna kuma suna gyara wa mai biyansu. Shi ya sa ake haɗawa da wasiyyoyi, takardun kotu, tallan jarida na kayan da aka sace, da hotunan kamara daga shekarun 1840 zuwa sama. A nan ba a tsallake sunan Janet Arnold, 'yar Ingila da ta yi rayuwarta tana auna tsofaffin kaya ɗinki bayan ɗinki tana fitar da fatan ɗinsu a takarda mai layi, littafinta na farko na Patterns of Fashion ya fito a 1964, ta kai har ga nazarin kayan da aka binne wasu 'yan gidan sarautar Medici da su a Fulorans ta Italiya. Ita da Norah Waugh har yau littattafansu suna kan teburin masu yanka.

Gaskiyar tarihi ko buƙatar labari

Kowane fim na tarihi yana ɗauke da tambarin shekarar da aka yi shi, musamman a gashi da kwalliya. Wanda ya kalli Cleopatra na 1963 zai ga idon shekarun 1960 a fuskar Elizabeth Taylor. Wasu suna matsawa kusa da tarihi iya ƙarfinsu, kamar Piero Tosi a Italiya, ko Milena Canonero da Ulla-Britt Söderlund a Barry Lyndon na 1975 inda har da ainihin tsofaffin kaya aka yi amfani. Ita Canonero ɗin dai a Marie Antoinette na 2006 da gangan ta zaɓi kaloli masu haske irin na alewa don a ji ƙuruciyar sarauniyar. A ganina duka biyun daidai ne, abin da ba ya karɓuwa shi ne kaucewar da ta fito daga rashin bincike, kuma ido yana bambance wanda ya san ƙa'ida ya ajiye ta da wanda bai taɓa saninta ba. Ko labarin ƙirƙira ma bincike yake ci, Ruth E. Carter da za ta yi Black Panther ta ɗebo daga shigar Masai, Ndebele, Zulu, Buzaye da bargon Basotho.

Karatunsa

Ana koyon fannin a makarantu irin su Wimbledon College of Arts da RADA a Landan, Tisch a jami'ar Niyok, da NIDA a Ostireliya, kuma sau da yawa ana raba layin tsarawa da layin ɗinkawa. Ɗalibi zai yi tarihin tufafi, zanen jikin mutum, fitar da fatan, ɗinkin hannu, rini, yin hula, sanin yadi da lissafin kasafi. Da yawa kuma ta hanyar yaron gida suka shigo, daga guga da ɗinka maɓalli da lika suna a kaya, a ƙaramin dandali ko gidan haya. Gidajen hayar nan makaranta ce babba, Angels na Landan tun 1840 yake, Tirelli na Roma 1964, Cosprop 1965, a can ɗalibi zai juya riga ya ga cikinta, abin da hoto ba zai taɓa nuna masa ba.

Lambar yabo da adanawa

An fara ba da Oska ta tufafi a bikin 1949, da farko an raba fim mai kala da baƙi-da-fari. Edith Head ta ci sau 8 cikin zaɓe 35, babu macen da ta kai ta yawan Oska. Bhanu Athaiya ce mutum na farko daga Indiya da ya ci Oska, a 1983, saboda fim ɗin Gandhi tare da John Mollo. Emi Wada ta Jafan ta ci da fim ɗin Ran, Ruth E. Carter kuma ta zama baƙar fata ta farko a rukunin a 2019, ta sake ci a 2023.

Da can kamfanoni ba su ɗauki kayan nan a bakin komai ba, ana farke su a sake ɗinka wa 'yan taro. A 1970 MGM ta yi gwanjon ɗakin kayanta, 'yar wasa Debbie Reynolds ta sayi da yawa don kar su salwanta, ta yi shekaru tana neman gidan tarihin da zai riƙe su abin bai yiwu ba, a 2011 ta sayar, farar rigar Marilyn Monroe da William Travilla ya tsara ta tashi a dala miliyan 4.6. A 2012 gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya yi babban nunin tufafin Holiwud ƙarƙashin jagorancin Deborah Nadoolman Landis, inda aka tattaro kaya sama da 100 daga kamfanoni da hannun masu tarawa.