Mene ne sabrutin a rubutun manhajar kwamfuta?

Matasanmu na Agege da Idi-Araba da ke koyon rubuta manhaja a nan Legas sukan ci karo da kalmar sabrutin tun a makonnin farko, kuma ga tambayoyin da suka fi yi a kanta.

Shin mene ne sabrutin?

Rukunin umarni ne da aka ware gefe guda aka laƙaba masa suna domin ya yi aiki ɗaya tak, ta yadda duk lokacin da manhajar ta buƙaci wannan aiki sai ta kira sunan kawai. Kamar ɗan aike yake: a ba shi saƙo, ya je ya cika, ya dawo da amsa, wanda ya aike shi kuma ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Me zai hana a kwafi umarnin a liƙa duk inda ake so?

A ɗauki mai shagon wayoyi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wanda manhajarsa ke lissafin harajin VAT a wurare ashirin: rasit, rahoton wata, kayan da aka dawo da su da sauransu. A watan Fabrairun 2020 aka ɗaga wannan haraji daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Idan kwafe aka yi, dole a bi wuraren ashirin ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya a ce ba a tsallake wani ba, lissafin shago ya riƙa saɓa wa juna. Idan kuwa sabrutin ɗaya ke wannan aiki, layi guda za a gyara. A ganina, ko don wannan kaɗai ya cancanci a koye shi da wuri.

Yaya kwamfuta ke sanin inda za ta koma?

Kafin ta shiga sabrutin, takan ajiye adireshin umarnin da ke biye a wani sashe na ma'adanarta da ake kira sitak, wanda ke aiki kamar tarin faranti: na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. Shi ya sa sabrutin ke iya kiran wani, har ma ya kira kansa. Amma idan ba a sa masa inda zai tsaya ba, tarin zai cika manhajar ta tsaya cak. Python, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhaja, kan katse irin wannan kira idan zurfinsa ya kai wajen 1000.

Da fankshin da sabrutin abu ɗaya ne?

Kusan haka. Yaren Fortran ya bambanta su tun 1958, inda fankshin ke dawo da sakamako ta sunansa, sabrutin kuwa ya yi aikinsa kawai. Yarukan C da Python duk fankshin suke cewa, yaren Java kuma metod.

Yaushe aka fara amfani da shi?

Ana yawan danganta tsarinsa ga David Wheeler da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, a kan kwamfutar EDSAC da ta fara aiki a 1949. A lokacin, a kan zirin takarda mai huji suke adana sabrutin ɗinsu, mai buƙata ya ɗauko ya haɗa da nasa shirin.