Dakota Ba Jirgin Ingila Ba Ne, Kuma Ba Don Yaƙi Aka Fara Ƙera Shi Ba

An daɗe ana cewa Dakota jirgin saman sojan Ingila ne da aka ƙirƙiro saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Ba haka ba ne. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera shi a Kalifoniya da sunan DC-3, ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935, tun ba a harba harsashi ko ɗaya a Turai ba. Na fasinja ne, har da gadajen kwana a samfurin farko.

Da yaƙi ya ɓarke, sojan Amurka suka sa aka faɗaɗa ƙofarsa, aka ƙarfafa daɓensa don ɗaukar kaya masu nauyi, aka kira shi C-47. Waɗanda aka ba Ingila su ne Ingilishi suka raɗa wa Dakota, sunan ya bi jirgin har Kano da Maiduguri, inda yake ya da zango a hanyarsa ta zuwa Masar.

Abin da ke rikita mutane shi ne yawa. Na fasinja 607 kacal aka ƙera, na soja kuwa sun haura 10,000. Shi ya sa akasarin waɗanda suka rage yau tsofaffin jiragen soja ne da aka sayar da arha bayan 1945, aka jera musu kujeru.