Darak: Ƙauyen Masunta da Ya Koma Kamaru

A nan Jos, idan aka tada zancen ƙasar da Najeriya ta miƙa wa Kamaru, Bakassi kowa yake ambata. Ba kasafai ake tuna Darak ba, alhali mai sayar da banda da ke kwance kwalinsa a kasuwa ya fi kusa da labarinta, don daga Tafkin Chadi, inda Darak take, kifinsa yake fitowa.

Ina ne Darak?

Tsibiri ne a kudancin Tafkin Chadi. A yau gunduma ce a yankin Logone da Shari, cikin jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Kafin ƙarshen 2003 kuwa, daga ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno ake gudanar da shi.

Yaya aka yi 'yan Najeriya suka cika wurin?

Ruwa suka bi. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya cinye mafi yawansa, gaɓa ta yi ta ja da baya, tsibirai suna ɓullowa inda da ruwa ne. Masunci ba ya zama inda kifi ya bari. Sai ya ɗaure komarsa, ya tura kwalekwale gaba, ya kafa bukka a sabon tudu. Bayansa mai banda ya iso da murhunsa, manomi ya shuka masara da wake a danshin da ruwa ya janye, makiyayi ya kawo shanu. Hausawa, Barebari, Larabawan Shuwa da Kotoko duk suka hallara. Cikin ƙauyuka 33 da Najeriya ta lissafa a gaban Kotun Duniya, a shari'arta da Kamaru, akwai Garin Wanzam, Doron Liman, Ramin Dorina, Sabon Tumbu da Fagge. Ba sai an gaya maka su wa suka raɗa waɗannan sunaye ba. Babu wanda ya ga wata alamar iyaka a kan ruwa, balle ya san ya tsallaka.

To me ya kai su kotu?

Bayan arangamar sojojin Najeriya da na Chadi a tsibiran tafkin a 1983, Hukumar Tafkin Chadi ta sa aka shata iyaka tsakanin 1988 da 1990. Najeriya ba ta amince da sakamakon ba. A Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague kan Bakassi, a watan Yuni ta ƙara da batun tafkin.

Wace hujja kowa ya kawo?

Najeriya ta ce mutanenta ne a wurin, ita ke karɓar haraji, ita ta kai makaranta da ɗakin shan magani da 'yan sanda, kuma Kamaru ta daɗe ba ta ce uffan ba. Kamaru ta fito da takardun Turawa: sanarwar iyaka ta 1919 da Milner na Ingila da Simon na Faransa suka sa wa hannu, da wasiƙun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931.

Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta bi takarda, da ƙuri'a 14 a kan 2. Ɗaya daga cikin biyun shi ne Bola Ajibola, alƙalin da Najeriya ta zaɓa. Abin da hukuncin ya tsaya a kai shi ne, idan akwai rubutacciyar yarjejeniya, daɗewar zama da karɓar haraji ba sa ture ta. Mu mutanen Jos ba baƙin gardamar wa ya riga wa zama ba ne, shi ya sa wannan maganar take da nauyi a kunnenmu. A ganina hukuncin ya yi daidai da doka, amma masuncin da ya share wurin da hannunsa, babu wanda ya tambaye shi.

An kori mazauna?

A'a. Obasanjo da Paul Biya na Kamaru, da sa bakin Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, sun kafa kwamitin haɗin gwiwa, kuma a Disamba 2003 Najeriya ta janye jami'anta ba tare da yaƙi ba. Kamaru ta yi alkawarin kare 'yan Najeriya da ke wurin. Wasu sun taso, da yawa sun zauna, sai dai yanzu jandarma suke gani maimakon ɗan sanda. Bakassi ma sai 2008 aka gama miƙa ta.

Mutum nawa ne a can?

Lokacin shari'ar an ƙiyasta mazauna ƙauyukan gaba ɗaya da kimanin 60,000. Ƙidayar Kamaru ta 2005 ta samu sama da 20,000 a gundumar Darak. Amma ƙirga masunta aiki ne: kifi ya yi yawa gari ya cika, ruwa ya sauya kowa ya kama gabansa. Rikicin Boko Haram ya ƙara dagula lissafin. A Yuni 2019 mayaƙan suka afka wa Darak da dare, suka kashe sojojin Kamaru da fararen hula, kuma hana zirga-zirga a tafkin ya taɓa cinikin kifi har zuwa kasuwanninmu.