Asibiti kafin caji ofis

A garuruwanmu, idan aka ce ga wani can yana neman halaka kansa, da wuya ka ga ma'aikacin lafiya ne ya fara isa wurin. Maƙwabta ne ke fara taruwa, sai 'yan sintirin unguwa, sai ɗan sanda ko ɗan Hisba. Mu da ke asibiti sai daga baya muke ganin mutumin, in ma an kawo shi ke nan. Don haka abin da mai kaki ya yi a 'yan mintunan farko yana da nauyi ƙwarai, domin shi zai ce wa direba ya nufi sashen gaggawa ko ya nufi caji ofis. Kiran da nake yi ga jami'an tsaro da jama'a baki ɗaya shi ne a fara da asibiti, duk wani bincike ya biyo baya.

Na san abin da Yallaɓai zai ce: doka ce. Gaskiyarsa. Sashe na 231 na tsohon kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu, sashe na 327 na Criminal Code ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, kuma su kansu sun soke wannan laifi a Ingila tun 1961. Ghana ta soke nata a 2023, babbar kotun Kenya ta rushe nata a farkon 2025. Jihar Legas kuwa ta sauya hukuncin, dokarta ta ce kotu ta ba da umarnin kai mutum asibiti. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar 1958, ta kawo gyara mai yawa, amma ba ta taɓa waɗancan sassa biyu ba. Gyara su aikin 'yan majalisa ne. Sai dai ko a yadda dokar take, babu inda ta ce a rufe mutum a sel alhali guba na yawo a jikinsa.

Ɓarnar wannan doka a cikin gidaje take faruwa. Yarinya ta sha maganin ƙwari, uwar ta gane, amma kowa na tsoron "kes". Maimakon a tari A Daidaita Sahu, sai a rufe ƙofa a shiga ɗura mata manja ko madara, a sa mata yatsa a maƙogwaro wai ta amayar. Wannan kuskure ne mai kisa. Manja ba ya karya guba, kuma wanda hankalinsa ya fara gushewa idan aka ɗura masa abu yana iya zarcewa huhu. Irin waɗannan magungunan ƙwari suna sa yawu da majina su cika hanyar numfashi, kuma akwai allurar da ake yi musu a asibiti, atrofin, wadda ke aiki idan an zo da wuri. Sau da yawa sai numfashi ya fara sarƙewa ake kawo mana, kuma ko an kawo sai a ce "bisa kuskure ta sha". Likita ya sallame ta a matsayin wadda ta yi kuskure, babu wanda ya zauna ya tambaye ta abin da ke ci mata rai, ta koma cikin halin da ta fito.

Abin yi a nan kaɗan ne. A cire tufafin da maganin ya zuba a kai, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da mutum ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a ɗauko kwalbar ko kwalin a tafi da shi asibiti. Ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Abokan aikina da ke cewa "sai da rahoton 'yan sanda" su ma su ji wannan.

Sai kuma wanda bai aikata komai ba tukuna, yana dai tsaye a wurin haɗari ko ya kulle kansa a ɗaki. Irin wannan hali na tsananin ƙunci yakan zo ne ya wuce, wani lokaci cikin mintuna, wani lokaci sa'o'i. Binciken da aka yi ta bin diddigin waɗanda suka tsira ya nuna kusan tara cikin goma ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ke nan aikin jami'in da ya iso shi ne jan lokaci har wannan ƙuncin ya lafa. Duk abin da zai sa mutumin ya ji an ƙure shi, gaggawa yake ƙara masa.

A kashe jiniya tun kafin a shigo layin. A kori 'yan kallo, musamman masu ɗaga waya suna ɗauka, da marasa imanin da ke ihu suna zuga shi. Mutum ɗaya ne zai yi magana, sauran su ja baya, mai bindiga ya fi kowa nisa. Mai maganar ya tsaya inda ake ganinsa, hannuwansa a fili, kulki a ƙugu, ya faɗi sunansa, ya nemi na mutumin.

"Malam, sannu. Ni ne sajan da aka turo. Ba kama ka na zo yi ba. Zan tsaya daga nan, ba zan matso ba sai ka ce."

Idan ya yi shiru, a bar shi ya yi shirunsa. Idan ya fara magana, ko da zagi ne, an samu ƙofa. "Ɗan'uwa, me ya faru yau?" ta fi kowace nasiha aiki. Idan matar aure ce ko budurwa, a nemo jami'a mace in akwai, a kira ta da "Hajiya" ko "ƙanwata" yadda shekarunta suka nuna, kuma a tambaye ta wa take so a kira mata. Kada a ɗauka miji ko uba ne ya dace, domin wani lokaci daga wurinsu matsalar ta taso. Haka kuma kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. Wanda aka ce wa ba za a kama shi ba, ya sauko aka buga masa ankwa, ba zai ƙara yarda da mai kaki ba, kuma duk unguwar ta gani.

Jama'a da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna tsoron tambaya kai tsaye, wai kada su cusa wa mutum tunanin da babu shi. Bincike bai nuna haka ba. Tambayar "kana tunanin kashe kanka ne?" cikin natsuwa ba ta jefa kowa cikin haɗari, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa wanda ya daɗe yana ɓoye abin a cikinsa. Idan ya ce e, a tambaye shi ko akwai abin da ya tanada, a lallaɓa a raba shi da shi.

Maganar da ta fi saurin fitowa daga bakinmu ita ce "ka ji tsoron Allah, wuta za ka shiga". Musulmi da Kirista duk mun yarda kashe kai babban zunubi ne, kuma mutumin da ke tsaye a wurin ya san haka tun yana ƙarami. Abin da ya ɓace masa shi ne ganin mafita. Wanda ciwon damuwa ya danne ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba shi da amfani, tsawa da gori tabbatar masa kawai suke yi. Wa'azi na da lokacinsa, kuma limamin da ya iya tunatar da rahamar Ubangiji yana taimaka mana sosai bayan an fita daga haɗari. Su "kai ba namiji ba ne?" da "don wannan ɗan bashin?" da "neman suna ne kawai", a bar su a baki.

Ban manta da lafiyar jami'in ba. Idan mutumin na riƙe da makami, nisa da abin kariya su ne gaba, kuma ba wanda zai ce ɗan sanda ya miƙa wuyansa. Amma wanda ya juya makami ga kansa, ba ya barazana ga kowa, ba ɗan fashi ba ne, kuma rufar masa da ƙarfi yakan jawo abin da ake gudu. A birnin Memfis na Amurka, a 1987 'yan sanda suka harbe wani mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa, bayan an kira su don su taimaka masa. Fushin jama'a ya sa a 1988 rundunar birnin ta haɗa kai da likitoci da iyalan marasa lafiya, aka ware jami'an da suka ba da kansu, aka ba su horon sa'o'i 40 kan gane ciwon ƙwaƙwalwa da kwantar da tarzoma da baki, aka kuma tanadi asibitin da zai karɓi duk wanda suka kawo ba tare da jan rai ba. Tsarin ya bazu zuwa garuruwa da dama. Horon mako guda ne, bai fi ƙarfin kowace rundunar jiha ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata kowane DPO ya san lambar wayar sashen gaggawa mafi kusa da shi tun kafin a buƙace ta.

Sel kuwa shi ne wuri mafi muni da za a kai irin wannan mutum. Sa'o'in farko na tsarewa suna cikin lokutan da aka fi samun mutane na halaka kansu, ko da waɗanda suka shiga lafiya lau, saboda kunya da firgici da kaɗaici. Ina ga wanda da ma abin da ya kawo shi ke nan? Wannan ne ya sa a Ingila tun Disambar 2017 aka haramta ajiye wanda bai kai shekara 18 ba a ofishin 'yan sanda saboda rikicewar ƙwaƙwalwa, manya ma sai in babu makawa. A nan, idan dole ta sa mutum ya biya ta ofis, ya zauna a bayan kanta inda ido ke kansa, a raba shi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kuma gaggauta miƙa shi asibiti. Holinsa gaban 'yan jarida, ko sakin hotonsa a Facebook da TikTok da sunan an ceto shi, tozarci ne da zai bi shi har wurin neman aure da neman aiki. Yaɗa yadda abin ya faru dalla-dalla kuma yana jan wasu masu rauni su kwaikwaya.

Su ma 'yan sandan mutane ne. Aikin dare, ganin gawarwaki, canjin wurin aiki nesa da iyali, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ga kuma bindiga a hannu. Idan abokin aiki ya daina shiga mutane, ya fara rabar da kayansa ko yana maganar ya gaji da duniya, a tambaye shi kamar yadda za a tambayi kowa, oga kuma ya karɓi bindigar cikin mutunci har ya ga likita.

Ga iyali da maƙwabta: idan za ku kira 112 ko ofishin 'yan sanda na kusa, yadda kuka faɗi maganar shi ke tsara yadda za a zo. "Mahaukaci ne da wuƙa" mota cike da bindigogi take kawowa. Ku ce, "Ɗan'uwanmu ne ba shi da lafiya, yana neman cutar da kansa, bai taɓa kowa ba, taimako muke nema mu kai shi asibiti." Ku faɗi ko yana shan wani magani, ko ya sha ƙwaya, da sunan wanda yake jin maganarsa. Wani babba, mai unguwa ko kawu, ya tari jami'an a bakin layi ya yi musu bayani, sannan ya bi motar.

Sallama daga sashen gaggawa ba ita ce ƙarshen jinya ba. Wanda ya taɓa yunƙuri shi ya fi kowa haɗarin sakewa, musamman a makonnin farko bayan ya koma gida. A fitar da magungunan ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyin asibiti daga ɗakinsa, a ba wani amintacce ya riƙe masa maganinsa yana ba shi na yini. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, don haka layi na da tsawo, amma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Kafin ku bar sashen gaggawa, ku nemi takardar turawa zuwa ɗaya daga cikinsu, ku sa a rubuta muku ranar ganin likita, kuma ku gaya wa likitan gaskiyar abin da ya faru.