Ma'anar "ofensib layin": ƙartai biyar ɗin da ake gina ƙungiya a kansu

Wanda ya fara kallon ƙwallon zari-ruga ta Amurka, idonsa a kan mutum ɗaya yake tsayawa, wato mai jefa ƙwallo da ake kira kwatabak. Shi kyamara ke bi, shi ake yi wa kirari, sunansa ne a bayan rigunan yara. Amma a gabansa akwai wasu ƙartai biyar da ke durƙushe kafaɗa da kafaɗa, waɗanda da wuya ka ji mai sharhi ya ambaci sunansu sai in sun yi laifi. Su ne Amurkawa ke kira "ofensib layin". In aka fassara kai tsaye, sahun masu kai hari ke nan. Ni dai na fi son in kira su sahun gaba, domin rabin aikinsu kariya ce, rabi kuma buɗe hanya.

Sai an san ƙa'idar wasan kafin a gane amfaninsu. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci a sake ba ta wasu huɗu, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Hanya biyu ce ake cin yadi: ko a miƙa wa mai gudu ƙwallo ya kutsa da ita, ko kwatabak ya jefa wa wani da ke can gaba. In gudu za a yi, sahun gaba ne ke ture mutane su tsaga masa hanya. In jifa ce, su ne ke ja da baya kaɗan su zama bango, su saya wa kwatabak daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ya duba ya saki ƙwallo. Daƙiƙa uku ba komai ba ce a baki, amma ka tuna masu son su karya bangon su ma ƙartai ne, kuma da gudu suke zuwa.

Doka ta hana waɗannan biyar cafe ƙwallon da aka jefo gaba, shi ya sa a NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, lambar rigarsu ke tsakanin 50 da 79, don alƙalin wasa ya gane su. Ba su da damar riƙe rigar abokin karo su ja. In aka kama ɗaya yana haka, ƙungiya ta koma baya yadi 10. In ɗaya ya motsa kafin a saki ƙwallo, yadi 5. Ke nan mutum zai iya yin shekara goma yana wasa bai taɓa cin maki ko ɗaya ba, amma kuskurensa guda kowa a filin ya ji lambarsa a lasifika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana taɓa min zuciya duk lokacin da na ga an gama wasa an kewaye kwatabak da makirufo, su kuwa suna ɗingishi zuwa ɗakin sauya kaya.

Biyar ɗin ba aiki ɗaya suke yi ba. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga kwatabak, kuma shi ne idon sahun. Kafin a fara, yana duban yadda abokan hamayya suka jeru, ya nuna wanda za a ƙirga daga kansa, ya faɗa wa sauran huɗun wanda kowa zai tare. A hagunsa da damansa akwai masu gadi biyu, gajeru kaɗan, masu ƙarfin ƙugu, domin a nan ne ake karo mafi nauyi a wuri mafi matsi. Sai 'yan gefe biyu, dogaye, da yawansu sun kusa mita biyu, nauyinsu kilo 140 ko fiye, amma ana son ƙafarsu ta zama mai sauƙi kamar ta ɗan rawa. Ɗan gefe ba shi da maƙwabci ta waje. Shi kaɗai yake da mafi saurin masu farautar kwatabak.

A cikin biyun, ɗan gefen hagu ne aka daɗe ana biya da tsada. Dalili kuwa, yawancin masu jifa na-dama ne, idan suka juya za su jefa, bayansu yana fuskantar hagu, ba sa ganin abin da ke tahowa. A watan Nuwamba na 1985 Lawrence Taylor na New York Giants ya faɗa wa Joe Theismann, kwatabak ɗin Washington, ƙafarsa ta karye a gaban miliyoyin masu kallon talabijin, bai sake buga wasa ba. Ana yawan kawo wannan dare idan ana bayanin abin da ya sa ƙungiyoyi suka ɗauki ƙofar hagu da muhimmanci. Yanzu kam an gane ta dama ma ba ta wasa ba ce, don masu farauta sun koyi zuwa ta kowane gefe.

To, yaya ake haɗa su? Ƙofa uku ce. Ta farko zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ake yi duk watan Afrilu, zagaye bakwai, ƙungiyoyi 32, wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓa. Kafin ranar ana tara samarin a Indiyanafolis a auna su: gudu, tsalle, ɗaga ƙarfe, har tsawon hannu. Ɗan gefen da hannunsa bai kai inci 33 ba, sau da yawa sai a ce ya koma ciki ya zama mai gadi, domin a wannan sana'a wanda ya riga taɓa ƙirjin ɗan'uwansa shi ke da iko. Masu neman 'yan wasa suna kuma son wanda ya yi kokawa yana yaro, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa ya san dalili: wanda ya fi yin ƙasa da ƙugu, ya san inda zai sa hannu, shi ke kayarwa ko da an fi shi girma. Ƙofa ta biyu ita ce ɗaukar gogaggen ɗan wasa da kwantiraginsa ya ƙare. Ta uku musaya, a ba wata ƙungiya damar zaɓe a karɓi mutum.

Abin da ya hana kowa ya sayi biyar mafi kyau shi ne iyakar albashi. A 2025 ba a yarda ƙungiya ta wuce dala miliyan 279.2 ba, kuma a cikin wannan kuɗi za a biya mutum 53. In kwatabak ya kwashi kaso mai tsoka, dole wani wuri a yi da mai araha. Sabon ɗan wasa yana zuwa da kwantiragin shekara huɗu mai sauƙi, shi ya sa ƙungiyar da ta iya zaɓe ke samun numfashi.

Labarin Kansas City Chiefs ya fi kowane bayani fito da wannan. Ranar 7 ga Fabrairu, 2021, sun shiga wasan ƙarshe na Super Bowl da Tampa Bay Buccaneers da bango a tsage. 'Yan gefensu biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya, ɗaya jijiyar agara, ɗaya baya. Mai gadinsu Laurent Duvernay-Tardif, ɗan Kanada wanda ya yi karatun likita, ya ajiye wasa a shekarar ya tafi aiki a gidan kula da tsofaffi saboda annobar korona, abin da har yau nake girmama shi a kai. Sai aka yi ta sauya wa mutane gurbi don a cike giɓi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An matsa wa kwatabak ɗinsu Patrick Mahomes lamba sau 29 a dare ɗaya, ya yi ta gudun ceton rai, Chiefs ba su kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. Mahomes na nan da hannunsa da basirarsa. Lokaci ne ba a ba shi ba.

Abin da suka yi cikin wata uku shi ne darasin. Sun sallami Fisher da Schwartz a watan Maris. Suka ɗauko mai gadi Joe Thuney daga New England Patriots a kan dala miliyan 80 na shekara biyar. Suka ba Baltimore Ravens damarsu ta zagayen farko, tare da wasu, suka karɓi Orlando Brown ya tsare hagu. A zaɓen shekarar suka ɗauki ɗan tsakiya Creed Humphrey a zagaye na biyu, sannan Trey Smith a zagaye na shida, wanda ƙungiyoyi suka yi ta tsallakewa saboda ya taɓa fama da daskarewar jini a huhu. Ka ga duk ƙofofin uku an bi: biyu masu tsada, biyu masu araha. Bayan shekara biyu, a Fabrairun 2023, suka haɗu da Philadelphia Eagles, waɗanda suka kayar da kwatabak sau 70 a kakar. Ko sau ɗaya ba su kayar da Mahomes ba, duk da yana wasa da ciwon idon sawu. Chiefs suka ci 38 da 35.

A ganina kuskuren da masu kallo ke yi shi ne ɗaukar sahun gaba kamar jimlar mutum biyar. A wasu gurabe, gwani ɗaya zai iya cin wasa shi kaɗai. A nan kuwa abokan hamayya ba ruwansu da gwaninka, mai rauninka suke nema, su yi ta bugun wannan ƙofa har ta buɗe. Kuma yawancin dabarunsu a kan haɗin tsakanin mutum biyu suke: biyu su yi giciye, ɗaya ya shiga ciki ɗaya ya zagayo, don mai gadi da ɗan gefe su rikice a kan wa zai bi wa. Babu lokacin magana. Sai dai kowa ya san motsin kafaɗar maƙwabcinsa. A filin abokan hamayya, inda ihun 'yan kallo ke hana jin muryar kwatabak, mai gadi kan taɓa ɗan tsakiya da hannu a matsayin alama, sauran kuma su bi ƙwallo da wutsiyar ido. Irin wannan sabo ba a sayensa a kasuwar watan Maris, sai an yi watanni ana atisaye tare.

Shi ya sa kocin sahun gaba ke da daraja ta daban. Jeff Stoutland ya kama wannan aiki a Eagles a 2013, kuma a hannunsa ne Jason Kelce, wanda aka ɗauka a zagaye na shida a 2011 ana ganin ya yi ƙanƙanta, ya zama ɗaya daga cikin 'yan tsakiya mafi shahara. Mafi ban mamaki shi ne Jordan Mailata, ɗan Ostiraliya da ke buga zari-rugar ƙasarsu, wanda Eagles suka zaɓa a zagaye na bakwai a 2018 bai taɓa buga wannan wasa ba. Shekara biyu bai shiga wasan gasa ba, yana koyon inda zai ajiye ƙafa. Daga baya shi ya zama mai tsaron hagunsu. Ta shirin NFL na 'yan ƙasashen waje ya shigo, kuma ta wannan shiri ne wasu samarin Najeriya, irin su Chukwuebuka Godrick da ya je Chiefs a 2023, suka sami shiga. Eagles ba su jira Kelce ya tsufa ba: sun zaɓi Cam Jurgens a 2022, ya koya a gefensa, da Kelce ya yi ritaya a Maris na 2024 magajinsa na nan a shirye.

Akwai kuma maganar salo. Ƙungiyar da ke son sahunta ya riƙa tafiya gefe gaba ɗaya, kowa ya tare wanda ya shigo yankinsa, tana neman masu saurin ƙafa ko da ba su da nauyi sosai. Haka Denver Broncos suka yi a ƙarshen shekarun 1990 suka ci kofi biyu a jere. Wadda ke son a tunkuɗe mutum gaba da ƙarfin tsiya, manya take nema. Ba a manta da 'yan benci ba. Yawanci ana ajiye mutum tara ko goma, takwas su sa kaya ranar wasa, kuma wanda zai iya tsayawa a gurbi biyu ko uku ya fi zinariya.

Su kuwa Chiefs, bangon da suka gina bai dawwama ba. Orlando Brown ya tafi Cincinnati Bengals a 2023. A kakar 2024 suka yi ta gwada mutane a hagu ba wanda ya zauna, har suka matsar da Thuney daga gadi zuwa gefe, gurbin da ba nasa ba, suka toshe rami ɗaya suka buɗe wani. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, Eagles ɗin nan dai suka sake haɗuwa da su. Da mutum huɗu kawai suka riƙa farauta, ba tare da ƙarin kowa ba, suka kayar da Mahomes sau shida, aka tashi 40 da 22. A lokacin kwantiragin araha na Humphrey da Smith ya zo ƙarshe: Humphrey ya riga ya sa hannu a kan dala miliyan 72, Smith ma na jiran nasa. A watan Maris aka yi musayar Thuney zuwa Chicago Bears. A watan Afrilu, da zaɓensu na zagayen farko, Chiefs suka ɗauki Josh Simmons daga jami'ar jihar Ohayo, ɗan gefen hagu.